Daga izinin aiki zuwa zaman dindindin a Kanada: yadda ake shiri tun takarda tana da rai

Ɗauko takardar izinin aikinka ka duba ranar da aka rubuta za ta ƙare. Daga wannan ranar ake fara lissafi, a riƙa dawowa baya har zuwa yau. A Winnipeg nake zaune, ina aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya, kuma ta hanyar da zan bayyana na samu zaman dindindin, wanda kowa a nan yake kira PR. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan 'yan'uwanmu da ke zuwa da tambaya sai saura wata biyu ko uku takardarsu ta mutu. A lokacin yawancin ƙofofin sun riga sun rufe, domin abin da hukuma za ta duba an gina shi ne tun shekara ɗaya ko biyu da suka wuce: irin aikin da ka kama, makin jarrabawar harshe, da takardun da ka adana. Tun ran gini, tun ran zane.

Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, tana da tsarin da ta fara a Janairun 2015 mai suna Express Entry. A ƙarƙashinsa akwai shirin da aka yi domin wanda ya riga ya yi aiki a cikin ƙasar, Canadian Experience Class, ana taƙaita shi CEC. Shi ne hanyar yawancin waɗanda suka gama karatu suka karɓi izinin aiki na bayan kammalawa, da waɗanda wani kamfani ya ɗauko. Ba ya neman ka nuna kuɗi a banki, ba ya tilasta digiri. Lardin Quebec kuwa yana da nasa tsarin daban, don haka duk abin da zan faɗa na wanda zai zauna a sauran lardunan ne.

Sharaɗin farko shi ne aikin shekara ɗaya a Kanada cikin shekara uku kafin ka shigar da takardu. A lissafinsu shekara ɗaya awa 1,560 ce, wato awa 30 a mako har wata 12. Abin da ya haura awa 30 a mako ba a ƙirga shi, saboda haka wanda ke yin awa 60 ba zai gama a wata shida ba, sai ya cika watanninsa. Mai yin awa 15 a mako zai kai a wata 24. Ana iya haɗa ayyuka biyu, ana iya samun tsaiko a tsakani, duk ba laifi. Amma aikin da ka yi kana ɗalibi na cikakken lokaci ba ya shiga, ko da makaranta ce ta tura ka. Aikin kai da kai ma ba ya shiga, kuma a nan ne masu tuƙin Uber da kai abinci gida-gida suke asarar watanni. Aikin da ake biyanka kuɗi a hannu ba tare da takardar albashi ba, a wurin hukuma babu shi.

Sai batun da ya fi cin mutanenmu, wato matsayin aikin. Kanada ta ba kowace sana'a lamba mai alƙaluma biyar a kundin da ake kira NOC, kuma tun Nuwamban 2022 an raba sana'o'in zuwa mataki shida, TEER 0 zuwa 5. CEC yana karɓar 0, 1, 2 da 3 ne kawai. Alƙalami na biyu a lambar shi ne matakin. Nawa aikin, mataimakiyar jinya, lambarsa 33102, mataki na 3, ya shiga. Wadda take irin aikin nan a gidan mutum a matsayin mai taimakon gida, lambarta 44101, mataki na 4, ba ta shiga ba, alhali wahalar da muke sha kusan ɗaya ce. Mai gadi 64410 ne, bai shiga ba. Mai karɓar kuɗi a kanti 65100, bai shiga ba. Mai sayar da kaya a kanti 64100, bai shiga ba, amma wanda ke shugabantar masu sayarwar 62010 ne, ya shiga. Mai dafa abinci 63200 ya shiga, mai miƙa abinci a kanta 65201 bai shiga ba. Direban babbar mota 73300 ya shiga.

Na san halin da sabon zuwa yake ciki. Ga haya, ga sanyi, ga mutanen gida suna jiran aike, duk aikin da ya samu kama shi zai yi, kuma ba na ganin laifinsa. Shawarata ita ce ka kama, amma ka san agogonka bai fara tafiya ba, kuma kada neman aikin da ya shiga ya tsaya ko da mako ɗaya. Wani lokaci aikin gadi ko na sito ya fi na mataki na 3 albashi, musamman da ƙarin awoyi. Idan izininka na shekara uku ne kana da ɗan sarari. Idan na shekara ɗaya ko biyu ne, karɓi mai ƙaramin albashin da ke ƙirguwa, ka ƙara da wancan a ƙarshen mako in izinin ya ba ka dama. Izinin bayan kammala karatu sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa, ba ya wuce shekara uku, ba a sabunta shi.

Jami'in da zai duba takardunka ba sunan muƙamin yake bi ba, ayyukan da kake yi a kullum yake kwatantawa da abin da ke cikin kundin. Don haka buɗe shafin lambar da kake ganin taka ce ka karanta bayanin farko da jerin ayyukan, ka tambayi kanka ko yawancinsu kana yin su da gaske. Idan manaja ya ce zai rubuta maka shugaban ma'aikata alhali kai mai karɓar kuɗi ne, kada ka yarda. Hukuma tana kiran wuraren aiki, tana duba ko albashin ya dace da muƙamin. Ƙarya a takardu tana jawo haramcin shiga ƙasar na shekara biyar, kuma ko an gano ta bayan an ba ka PR ana iya ƙwacewa.

Wanda izininsa ke ɗaure da kamfani ɗaya ya kula: yin aiki a wani wuri ba tare da sabon izini ba saɓa doka ne, kuma awoyin ba sa ƙirguwa. Amma idan mai kamfanin yana zaluntarka, yana riƙe albashi ko fasfo ko yana yi maka barazanar kora zuwa gida, akwai buɗaɗɗen izini na musamman da aka tanada tun 2019 domin ma'aikatan da ake cutarwa. Ba sai ka haƙura da wulaƙanci saboda takarda ba.

Cika sharaɗi yana ba ka damar shiga layi ne kawai. A cikin layin ana ba kowa maki, iyakarsa 1,200, kuma lokaci-lokaci hukuma ta gayyaci waɗanda ke sama. An taɓa yin zagayen gayyata a Fabrairun 2021, lokacin korona, da aka gayyaci mutum 27,332 da maki 75 kacal. Har yau wasu suna ba da wannan labarin kamar zai dawo. A 2024 da 2025 zagayen CEC sama da maki 500 yake tsayawa, kuma a Oktoban 2024 gwamnati ta rage adadin waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Ma'ana, dole ka zauna da na'urar lissafin maki da ke shafin hukumar ka ga inda kake tun yau.

Inda maki ya fi saurin motsi shi ne harshe. A jarrabawar Turanci ana karɓar IELTS General Training, CELPIP General ko PTE Core. IELTS Academic da ka yi don shiga makaranta ba ya aiki a nan. Sakamakon yana da rai na shekara biyu, kuma dole ya kasance da rai ranar da ka shigar da cikakkun takardu. A ma'aunin ƙwarewar harshe na Kanada, CLB, mafi ƙarancin da ake nema shi ne matakin CLB 7 ga mai aikin TEER 0 ko 1, CLB 5 ga mai 2 ko 3. Kada ka tsaya a nan. CLB 7 a IELTS shi ne 6.0 a kowane ɓangare. CLB 9 kuwa 8.0 a sauraro, 7.0 a karatu da rubutu da magana. Ga wanda ba shi da mata ko miji a takardar, kowane ɓangare yana ba da maki 17 a CLB 7, yana ba da 31 a CLB 9, tazarar maki 56 ke nan a ɓangarori huɗu. Bayan haka CLB 9 yana ninka makin da ake samu idan an haɗa harshe da ilimi, da kuma harshe da aikin da aka yi a waje. Mutum ɗaya, takardu ɗaya, zai iya tashi da kusan maki ɗari saboda jarrabawa kawai. Mu da muka yi karatu da Turanci tun firamare muna raina ta, sai rubutu ya tsaya a 6.5. Ware wata biyu ka yi atisaye da agogo a gabanka, ka samu mai gyara maka rubutu, kuma ka yi ta da wuri yadda in ba ta yi kyau ba akwai lokacin sakewa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da na Kamaru da Chadi, kuna riƙe da abin da mu 'yan Nijeriya muke nema da kuɗi, wato Faransanci. Wanda ya ci matakin 7 a duk ɓangarori huɗu na jarrabawar Faransanci ta TEF Canada ko TCF Canada yana samun ƙarin maki 25, ko 50 idan Turancinsa ya kai CLB 5. Fiye da haka, tun tsakiyar 2023 ana yin zagaye na musamman domin masu Faransanci, kuma makin da ake tsayawa a can ya kan yi ƙasa da na CEC sosai, wani lokaci kusa da 400. Akwai kuma zagaye na ma'aikatan lafiya da na masu sana'ar hannu irin su kafinta da mai gyaran famfo, kuma ana sauya jerin sana'o'in shekara-shekara. Ga ɗan Nijeriya mai saura shekara biyu a izininsa kuma makinsa ya maƙale a 460, koyon Faransanci da gaske ya fi zaman jiran makin ya sauko. Aiki ne na kullum, na tsawon shekara ko fiye, ba na ƙarshen mako ba.

Shekaru kuma suna cin maki. Ga wanda ba shi da mata ko miji a takardar, daga 20 zuwa 29 ana samun 110, a 30 ya zama 105, a 35 ya zama 77, a 40 ya zama 50, a 45 babu ko ɗaya. Shekara ɗaya ta aikin Kanada tana ba da 40, biyu 53, uku 64. Idan kana da wa ko ƙane ko 'yar'uwa da kuka haɗa uwa ko uba, mai PR ko ɗan ƙasa kuma mazaunin Kanada, akwai 15. Makin da a da ake bayarwa don tayin aiki an soke shi ranar 25 ga Maris, 2025, saboda yadda aka mayar da LMIA, takardar da gwamnati ke ba kamfani domin ya ɗauki ma'aikaci daga waje, hajar sayarwa. Duk wanda ya ce ka biya shi dubban daloli ya samo maka ita don makinka ya tashi, cutarka zai yi, kuma saye da sayar da ita laifi ne.

Takardun gida su ne masu jan lokaci, don haka da su ake farawa. Digiri ko difloma ta gida ba ta ba da maki sai wata cibiya da hukuma ta amince da ita, irin su WES ko IQAS, ta tantance ta. Makarantarka ce za ta aika sakamakon kai tsaye, kuma kowa ya san wannan na iya ɗaukar watanni. Rahoton yana aiki shekara biyar. Aikin ƙwarewa da ka yi a gida cikin shekara goma da suka wuce ma yana da maki, don haka nemi wasiƙar shaida daga tsohon wurin aikinka tun waɗanda suka san ka suna nan. Sannan baza duk takardunka a tebur ka duba suna da ranar haihuwa. Mu kan samu Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar sakandare, sunan gari a ƙarshen wata takardar, babu shi a wata. Yi takardar rantsuwa a kotu da ke nuna duk mutum ɗaya ne, ka haɗa da gajeren bayani. Duba fasfo ma, domin ba a ba da izinin aiki ya wuce ranar ƙarewar fasfo.

Maganar aure tana buƙatar natsuwa, domin a nan al'adarmu da dokarsu suke karo. Tun Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wurin da jikinsu ba, ko ta wakili ne, ko ta waya, ko ta intanet. Saurayin da ke Calgary aka ɗaura masa aure a Kano, kawunsa ya karɓa masa, aurensa ingantacce ne a addini, amma a fom ɗin shige da fice matsala ce. Akwai mafita, misali dokarsu tana lissafa waɗanda suka zauna tare wata 12 a jere a matsayin ma'aurata, sai dai wannan wuri ne da ya kamata a biya lauya a ji shawara kafin a cike komai. Haka mai mata fiye da ɗaya: mace ɗaya dokar ta sani, ta farko. 'Ya'ya kuwa a rubuta su duka, na kowace mata, masu tahowa da masu zama a gida, muddin ba su kai shekara 22 ba kuma ba su yi aure ba, a kuma yi musu gwajin lafiya. Ɗan da aka ɓoye don takarda ta yi sauƙi, ƙa'idar ita ce ba za ka iya ɗauko shi daga baya ba. Idan an yi aure ko haihuwa ana cikin jira, a sanar da hukuma nan take.

Idan makinka bai kai ba, dubi lardin da kake. Lardin da ya zaɓe ka ta Express Entry yana ƙara maka maki 600, wanda kusan tabbacin gayyata ne. Wasu lardunan kuma suna da hanyoyin da ba sa bi ta Express Entry, suna karɓar ayyukan mataki na 4 da 5. A nan Manitoba sharaɗin asali ga ma'aikaci shi ne wata shida na cikakken aiki da kamfanin da ya yi masa tayin aiki na dindindin, sannan ya shiga layin lardin. Lardunan gabar Atlantika huɗu suna da shirinsu da ke bi ta kamfanonin da aka amince da su. Gurbin larduna ma an rage shi a 2025, kuma lardi yana so ya ga niyyar zama ta gaskiya, ba wanda zai karɓi takarda ya wuce Toronto ba.

Ranar da ka cika sharaɗi, ranar za ka yi rajista a layin. Kyauta ce, tana aiki wata 12, kuma idan maki ya zo ɗaya ana fifita wanda ya riga shiga. Da gayyata ta zo kana da kwana 60 kacal. Wasiƙar shaidar aiki ita ce zuciyar takardun: a kan takarda mai tambarin kamfani, da muƙami, ranar farawa, awoyin mako, albashi, ayyukan da kake yi dalla-dalla, da suna da sa hannun shugabanka. Kada a kwafe kalmomin kundin NOC kai tsaye, a rubuta abin da kake yi da kalmomin wurin aikin. Haɗa da takardun albashi, takardar T4 da wurin aiki yake ba ka mai nuna albashinka na shekara, da sanarwar da hukumar haraji take aikowa bayan ka cike harajin shekara. Duk wurin da za ka bari, karɓi wasiƙarka kafin ka fita, domin manajoji suna canjawa, kamfanoni suna rufewa.

Ana neman takardar 'yan sanda daga kowace ƙasa da ka zauna wata shida a jere cikin shekara goma da suka wuce, tun daga shekara 18. Wanda ya yi zaman Saudiyya, Sudan, Malesiya ko Ingila ya fara nema tun kafin gayyata. Gwajin lafiya sai wurin likitan da ke cikin jerin hukumar, kuma yana aiki wata 12. Kuɗin neman da aka sa a ƙarshen Afrilun 2024 ya kasance dalar Kanada 1,525 ga kowane babba, 260 ga kowane yaro, 85 na ɗaukar hoton yatsu, kuma ana sake duba farashin duk shekara biyu. Hukumar tana cewa tana gama yawancin takardu cikin wata shida.

A wannan jiran kada izininka ya mutu a hannunka. Da ka samu wasiƙar da ke nuna an karɓi cikakkun takardunka, kana iya neman buɗaɗɗen izinin cike gurbi, wanda ake kira BOWP, kuɗinsa dala 255. Kasancewa a layi kawai ba ya ba ka wannan dama. Muddin ka nemi sabon izini kafin tsohon ya ƙare, doka ta ba ka damar ci gaba da aiki bisa sharuɗɗan tsohon har a yanke hukunci, kuma awoyin suna ƙirguwa. Sharaɗin shi ne kana cikin ƙasar. In ka fita Umara ko biki a wannan tsakanin, ko an bar ka ka dawo ba za ka koma aiki ba sai sabon izinin ya fito. In kuwa ranar ta wuce ba ka nema ba, ka daina aiki a ranar, kana da kwana 90 na neman a maido maka da matsayi.

Wanda lokaci ya ƙure masa babu gayyata, kada ya ɓuya ya ci gaba da aiki a ɓoye, kada kuma ya bari a rubuta masa labarin neman mafaka na ƙarya. CEC ba ya tilasta kana Kanada lokacin da za a gayyace ka. Aikin da ka yi yana da rai har shekara uku, kana iya komawa gida da mutuncinka, ka ƙara shekarar aiki a can, ka gyara makin harshe, rajistarka tana nan a layi. Idan za ka biya wani ya taimaka maka, lauya ne mai rajista da ƙungiyar lauyoyin lardinsa ko mai ba da shawara da sunansa ke cikin kundin hukumar da ke kula da su, CICC, wanda kowa zai iya dubawa a intanet. Ko wa ya cike fom ɗin, karanta kowane layi kafin a tura, domin kai ne za ka amsa.

Bayan amincewa za a turo maka saƙo ka tabbatar kana cikin Kanada, ka ba da adireshi da hoto, sannan takardar tabbacin zama ta fito ta intanet, katin ya biyo baya ta gidan waya. Je ofishin Service Canada ka canja lambar SIN ɗinka ta aiki da haraji mai farawa da 9, ka kai sabuwar wurin aiki da banki, ka sanar da hukumar lafiya ta lardi. Kada ka yi tafiya kafin katin ya iso, in ba haka ba sai ka nemi takardar tafiya ta musamman daga waje kafin jirgi ya ɗauko ka. Riƙe PR yana buƙatar kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara biyar. Zama ɗan ƙasa yana buƙatar kwana 1,095 cikin shekara biyar, kuma kowace ranar da ka yi da izinin aiki ko na karatu a cikin waɗannan shekarun ana lissafa ta rabin rana, har iyakar kwana 365. Saboda haka buɗe littafi tun yanzu ka riƙa rubuta ranar kowace fita da kowace dawowa, har da tsallakawa Amurka na yini ɗaya.